Me ya sa Amurkawa ke kewar RadioShack da Fry's, kuma wa ya kashe su?

Malam, ka ce kai mai gyaran waya ne, kuma kana yawan cin karo da Amurkawa a YouTube da Facebook suna jimamin wasu kantunan kayan laturoni da aka rufe, irin su RadioShack da Circuit City da Fry's, har ka ga dattijo mai furfura yana magana kamar wanda aka yi wa rasuwa. Ka ce kanti dai kanti ne, mene ne abin kewa tunda yanzu komai na samuwa a intanet da araha? Ka kuma tambaya ko gaskiya ne Amazon ce ta ga bayansu.

Na yi karatun injiniyan laturoni a Amurka, na kuma yi aiki a fannin a shekarun da waɗannan kantuna suka fara tangal-tangal har suka faɗi, don haka na shiga kowannensu da ƙafata. Amsar tambayarka ta biyu ita ce Amazon ta taimaka, amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ta farko kuwa sai mun ɗan zauna, domin mutanen nan sukan haɗa kantunan wuri ɗaya alhali kowanne da irin kasuwarsa, kuma kowanne da ciwon da ya kwantar da shi.

RadioShack ce aka fi kuka a kanta, kuma ita ce ta fi cancanta. Wasu 'yan'uwa biyu, Theodore da Milton Deutschmann, suka buɗe ta a Boston a 1921, suna sayar wa ma'aikatan rediyon jiragen ruwa da masu haɗa rediyon sadarwa a gida kayan aiki. Ta yi shekara arba'in ba ta wuce 'yan rassa a yankin Boston da cinikin aikawa ta gidan waya ba. A farkon shekarun 1960 bashi ya yi mata katutu, sai wani ɗan kasuwar Fort Worth a jihar Texas, Charles Tandy, ya saye ta a 1963 tana da rassa tara kacal. Abin mamaki, Tandy ɗan kasuwar fata ne, kantunansa na sayar wa masu sha'awar dukanci fata da kayan aikin ɗinka jaka da takalmi. Bai san laturoni ba, amma ya san halin mai sana'ar hannu: yakan dawo kullum ya sayi ƙaramin abu, kuma ba ya tsayawa ciniki a kan abin da bai kai dala ba. Da wannan ya tsara kasuwar. Ƙananan shaguna masu arhar haya a kowace unguwa, kaya masu ɗauke da sunan kamfanin kansa (Realistic a rediyo da lasifika, Archer a waya da eriya, Micronta a mita), da riba mai kauri a kan kowane ƙaramin abu. Yayin rediyon CB, wato rediyon magana da juna a kan hanya, da direbobin manyan motoci suka yaɗa a shekarun 1970 ya cika musu aljihu. A 1999 rassan sun haura 8,000 a faɗin duniya, kamfanin na alfaharin cewa kashi 94 cikin ɗari na Amurkawa ba su wuce tafiyar minti biyar daga wani reshe ba, daga gida ko wurin aiki.

To me ke cikin shagon? Kai da ke wannan sana'a za ka gane tun ban gama ba. Can ƙurya akwai wata kabad mai aljihunan tebur jere-jere. Ka jawo ɗaya, ka ga resista an ƙulla su biyar-biyar a 'yar leda, kowace leda da lambarta mai farawa da 271, kuɗinta wajen dala ɗaya. Ka jawo na ƙasa, kapasita. Na gefe, masu lamba 276, transista da diyod da IC, wato ƙwayar da aka cusa haɗin kaya da yawa a cikinta, har da IC mai lamba 555 ɗin nan da kowane ɗalibi ke fara koyo da ita. Ga fiyus, ga makunnai, ga dalma a naɗe, ga ƙarfen narka ta, ga fanel maras komai da ruwan sinadarin da za ka zana layukanka da kanka. A shekarun baya ma akwai injin gwada kwalaben talabijin a bakin ƙofa: magidanci zai buɗe bayan talabijin ɗinsa ya ciro kwalaben, ya zubo su a jaka, ya zo ya gwada su ɗaya bayan ɗaya, ya sayi madadin wadda ta mutu, ya koma gida ya mayar. Ranar Lahadi da yamma, aikinka ya tsaya saboda fiyus guda, cikin rabin awa ka je ka dawo ka ci gaba. Wannan shi ne abin da intanet har gobe ba ta iya ba, ko da kuwa za a kawo maka kaya washegari.

Sai kuma yara. Akwai wani akwatin gwaji da suke sayarwa da sunan Science Fair, mai gwaje-gwaje 150 a ciki. Katako ne an jera masa resista da transista da lasifika da mita, kowace ƙafa an haɗa ta da ɗan sifirin. Yaro zai lanƙwasa sifirin da yatsa, ya cusa bakin waya, ya saki, ta kama. Ba dalma, ba ƙuna. Ya bi lambobin da ke cikin littafi, ya haɗa wayoyi goma sha wani abu, ya sa abin sauraro a kunne, sai ya ji tashar rediyo na magana daga abin da ya haɗa da hannunsa. Yaron da ya ji wannan yana ɗan shekara goma, da wuya ya manta. Kamfanin na kuma raba katin da ke ba mutum batir ɗaya kyauta kowane wata, dabara ce ta jawo ƙafa, kuma yara suka fi kowa riƙe ta. Daga nan sai ƙananan littattafan Forrest Mims, waɗanda ya rubuta da hannu ya zana da hannu, ana sayar da su a kan 'yan daloli a gefen kabad ɗin nan. Injiniyoyi da yawa da na yi aiki da su, daga waɗannan littattafan suka fara, tun kafin su san hanyar jami'a.

A watan Agustan 1977 suka fitar da kwamfutar TRS-80 a kan kusan dala 600 haɗe da allon kallo da rakodan kaset, a shekarar da Apple II da Commodore PET suka fito. Bambancin shi ne ita wannan tana ajiye a kunne a shagon unguwa, yaro na iya tsayawa bayan an tashi daga makaranta ya buga 'yan layukan BASIC, yaren ba kwamfuta umarni, mai shago ya kau da kai. Na ɗan lokaci ta fi ta Apple kasuwa. Don haka idan ka ji ɗan shekara sittin na cewa a RadioShack ya fara taɓa kwamfuta, ba ƙari ya yi ba.

Ka lura duk abin da na lissafa ya dogara ne da abu guda: na'urar da ake iya buɗewa. Rediyo da talabijin da amfulifaya na wancan zamani suna da tsada, suna da sukurori a baya, kayan cikinsu manya ne masu ƙafafu da ake zurawa a rami a liƙe, sau da yawa ma da taswirar haɗin a manne a jikin murfi. Gyara ya fi saye araha nesa ba kusa ba. Daga shekarun 1980 masana'antu suka koma ga kayan da ake mannawa a saman fanel, waɗanda kai ka san sai da madubin ƙara girma da injin iska mai zafi ake taɓa su. Aikin da transista ashirin ke yi ya koma cikin IC ɗaya wadda babu mai sayar maka da ita. Ƙera kaya ya koma Japan, sannan Koriya da Taiwan, sannan China, farashi ya faɗi warwas, ladan mai gyara a Amurka kuma ya hau. Idan kuɗin aikin awa ɗaya ya kai kuɗin sabon rediyo, wa zai kai gyara? Sai a jefar a sayi wani. Masu gyaran talabijin na unguwa suka rufe tun kafin kowa ya ji sunan Amazon, kuma su ne ƙashin bayan cinikin kabad ɗin can.

Wayar hannu ta zo ta ƙarasa. Wani marubuci a Buffalo, Steve Cichon, ya tono tallar RadioShack ta jaridar 1991, ya nuna a 2014 cewa cikin kaya 15 da ke shafin, 13 duk wayar da ke aljihunsa na yin aikinsu: kyamarar bidiyo, kalkuleta, rediyo mai agogo, na'urar amsa kira, rakoda, na'urar CD, kwamfuta da sauransu. Kuɗinsu a lokacin ya haura dala 3,000. Ba ma kayan kawai suka ɓace ba, har da wayoyin haɗi da adafta da batiran da kowannensu ke buƙata, kuma a nan ribar take.

Amma kada ka ɗauka shugabannin kamfanin ba su da laifi. A nan ne nake rabuwa da masu cewa ƙaddarar zamani ce kawai. Tandy ya rasu a 1978. Magadansa sun sayar da sashen ƙera kwamfuta a 1993, suka zuba kuɗi a manyan kantuna, Computer City da Incredible Universe, duk suka ci asara. Sai suka gano wayar salula. A shekarun 1990 kamfanonin layi na biyan kamasho mai tsoka a kan duk wanda aka sa wa hannu a kwantiragin shekara biyu, kuma RadioShack na da shago a kowane lungu. Kuɗi ya shigo kamar ruwa. Aka tura kabad ɗin can ƙurya aka rage ta, aka cika gaban shago da wayoyi, aka koma ɗaukar ma'aikatan da aikinsu shi ne su sa ka sa hannu. Shago ne mai mutum biyu. Idan dukansu suna cike takardun layi, kowane kwastoma na cin kusan awa, mai neman fiyus sai ya gaji da tsayuwa ya fita. Da ya fita sau biyu, shi ke nan. Can kuma kamfanonin layin suka buɗe nasu shagunan, Apple ta buɗe nata, iPhone ta fito a 2007 da ribar da ba ta taka kara ta karya ba ga ɗan tsakiya. A ƙarshe kusan rabin cinikin kamfanin ya rataya ne a kan kayan da wasu ke yanke wa farashi da kamasho.

Abin haushin shi ne a daidai wannan lokaci sha'awar haɗa na'ura a gida ta dawo. Arduino ta fito a 2005, Raspberry Pi a 2012, dukansu ƙananan fanel ne masu ƙwaƙwalwar kwamfuta da ake haɗa na'ura da su, ƙananan kamfanoni irin su SparkFun da Adafruit suka taso suna sayar wa matasa irin abin da RadioShack ta shahara da shi. Ta juyo gare su daga baya, ta sa Arduino a kanta, amma ihu ne bayan hari, ga tsada, ga ma'aikacin da bai san abin da yake sayarwa ba. Tsakanin 2000 da 2011 kuma kamfanin ya kashe sama da dala biliyan 2 wajen sake sayen hannun jarinsa don ɗaga farashinsa a kasuwa, kuɗin da aka nema ruwa a jallo daga baya. A 2006 shugabansa, David Edmondson, ya sauka bayan an gano digirorin da ya rubuta a takardunsa ba su da asali, a shekarar kuma aka sallami ma'aikata kusan 400 ta imel. A 2014 sun yi wata talla a Super Bowl, wasan ƙarshe na ƙwallon Amurka, suna yi wa kansu dariya cewa shagon ya tsaya a shekarun 1980. Mutane sun yi dariya, sun yaba, ba su zo sun sayi komai ba. A shekarar sun so rufe rassa 1,100, masu bin su bashi suka hana, aka yarda su rufe kusan 200 kawai. Ranar 5 ga Fabrairun 2015 suka kai kansu kotu cewa sun karye. An ceto rassa kusan 1,700 da haɗin gwiwar kamfanin layi na Sprint, a watan Maris na 2017 aka sake karyewa.

Circuit City wata aba ce daban, kuma ni ban cika yarda da masu cewa suna kewarta ba. Samuel Wurtzel ya fara ta a Richmond ta jihar Virginia a 1949 da sunan Wards, yana sayar da talabijin. Sunan Circuit City ya zo daga baya. Katon kanti ne na talabijin da firji da kayan sauti da kwamfuta, mai jar ƙofa da aka gina kamar filogin wuta. Ƙarfinta shi ne masu sayarwa da ke cin kamasho, mutanen da suka shekara goma suna bambance lasifika da lasifika. Ita ta ƙirƙiro CarMax, kamfanin sayar da motocin hannu, a 1993, wanda har yau yana nan bayan uwar ta mutu. Ta yi asarar sama da dala miliyan 100 a wani faifan haya mai suna DIVX tsakanin 1998 da 1999. A 2000 ta daina sayar da firji da injin wanki, dab da lokacin da gine-ginen gidaje suka bunƙasa a Amurka kowa na neman su. A 2003 ta soke kamasho ta sallami masu sayarwa 3,900. A watan Maris na 2007 ta sake sallamar 3,400, dalilin kuwa wai albashinsu ya yi yawa, aka maye su da sababbi masu arha. Wato waɗanda suka fi iya aikin aka zaɓa aka kora. Idan mutum zai kashe dala dubu biyu a talabijin, ya zo ya tarar da yaron da bai fi shi sani ba, me zai hana shi ƙetara titi zuwa kantin kishiyarta Best Buy ko Walmart?

Yadda ta ƙarasa kuwa duk ɗan kasuwa zai gane. Irin waɗannan kantuna ba da kuɗin hannu suke cika kanta ba, kaya ake ba su bashi su biya bayan wata ɗaya ko biyu. Kamar dai ɗan Kantin Kwari ne da dila ke sauke wa kaya sai ya sayar ya biya: ranar da aka fara raɗe-raɗin ya karye, kowa zai ce a ba shi kuɗinsa a hannu kafin ya sauke, shago ya bushe, masu saye su ga babu kaya su daina zuwa, raɗe-raɗin ya tabbata. Haka ya faru da Circuit City a tsakiyar rikicin kuɗi na 2008. A watan Nuwamba ta nemi kariyar kotu, a Janairun 2009 aka rasa mai saye, aka yi gwanjon kayan rassa 567, ranar 8 ga Maris aka kashe fitila. Mutum sama da 30,000 suka rasa aiki. CompUSA, mai sayar da kwamfuta, wadda attajirin Meziko Carlos Slim ya saya a 2000, ta riga ta faɗuwa tun a 2007.

Fry's kuwa sai wanda ya gani. 'Ya'yan wani mai manyan kantunan kayan abinci ne, John da Randy da David Fry, tare da Kathryn Kolder, suka buɗe ta a Sunnyvale a 1985, a tsakiyar Silicon Valley, cibiyar kamfanonin kwamfuta a jihar California, don injiniyoyin yankin. Yawancin rassan sun kai girman filin ƙwallo ko fiye, kuma da yawansu kowanne da irin adonsa. Na Burbank an soka masa jirgin halittun sama a goshin gini kamar ya faɗo, na Campbell an yi shi kamar dalar Masar ta Fir'auna, na San Jose kamar wurin bautar mutanen Maya, na Palo Alto kamar ƙauyen kaboyi, na kusa da Houston kamar tashar sararin samaniya. A ciki za ka ga bango guda jere da fanel-fanel na kwamfuta a buɗe, ka tsaya ka ƙirga ramukan RAM da idonka. Ka zaɓa, ma'aikaci ya buga maka takarda, ka je wurin biya a ciro maka furosesa da RAM daga wani keji mai kwado. Layin biyan ma abin kallo ne: doguwar hanya tsakanin alewa da lemo da tarkacen kebul, a ƙarshenta mutum a tsaye kan dandamali yana kallon fitilun teburan karɓar kuɗi yana kiran lamba. Ranar Juma'a tallarsu kan cika shafuka a jaridar San Jose Mercury News, mutane na sayen jaridar don ita kaɗai. A rana ɗaya za ka shiga da niyya, ka fito da duk abin da za ka haɗa kwamfuta daga tushe, har da osiloskop idan kana so.

Ita wannan a hankali ta mutu, a idon kowa. Shafinta na intanet bai taɓa yin kyau ba, kantunan intanet irin su Newegg da Amazon suka kwashe masu haɗa kwamfuta. A 2008 an gurfanar da wani mataimakin shugaban kamfanin bisa zargin karɓar na goro na miliyoyin daloli daga masu kawo kaya. Wajen 2019 suka ce wa masu kawo kaya sai an sayar za a biya, da yawa suka ƙi, sai ga kantuna masu girman sito babu komai a kanta sai jefi-jefi. Bidiyoyin da kake gani na mutum yana yawo cikin kango ga gumakan ado a tsaye, yawanci na wannan lokacin ne. Korona ta zo, ranar 24 ga Fabrairun 2021 aka wayi gari an rufe duka rassa 31 a jihohi tara.

Ingila ma tana da nata. Comet ta fara a Hull a 1933 da sana'ar da za ta ba ka dariya: cajin batirin rediyo ga gidajen da ba su da wuta, sak irin masu cajin waya na bakin titi a wurinmu. Ta girma ta zama babbar mai sayar da kayan wuta, aka sayar da ita ga wani kamfanin zuba jari a kan fam 2, ta rushe a ƙarshen 2012 da rassa sama da 230. Maplin, wadda ita ce RadioShack ɗin Ingila, ta fara a 1972 da aika kayan laturoni ta gidan waya daga Essex. Ta yi ta sauya hannu tsakanin kamfanonin zuba jari da ke saye da bashi su ɗora wa kamfanin, darajar fam ta faɗi bayan ƙuri'ar fita daga Tarayyar Turai a 2016, masu inshorar bashin kaya suka janye. A ƙarshen Fabrairun 2018 ta faɗi da rassa sama da 200.

Yanzu mu ba Amazon nata kason. Har zuwa hukuncin Kotun Ƙolin Amurka na 2018 a shari'ar South Dakota da Wayfair, mai sayarwa ta intanet da ba shi da gini a jiharka ba dole ba ne ya karɓi harajin ciniki, wanda a wasu wurare ya kusa kashi goma. A kan talabijin na dala dubu wannan kuɗi ne. Mutane suka koyi zuwa kanti su duba, su taɓa, su yi wa ma'aikaci tambayoyi, sannan su zaro waya su yi oda a wani wuri. Ga kuma masu sana'a irinmu, Digi-Key da Mouser, dilolin kayan laturoni ta intanet, na da kaya iri miliyoyi, resistar da ake sayar maka biyar a dala ɗaya a can ɗari ce a kan dala ɗaya ko biyu. Duk gaskiya ne. Amma Best Buy ta sha wannan dukan ba ta mutu ba. Daga 2012, ƙarƙashin Hubert Joly, ta ce duk farashin da ka gani a Amazon za ta ba ka a kansa, ta ba Samsung da su Microsoft hayar wuri a cikin kantunanta, ta riƙe sashen gyara da girke kaya a gida. Micro Center, wadda ta fara a Ohio a 1979, ba ta yi yawan rassa ba, ta riƙe ma'aikatan da suka san kaya, ga shi har sababbin rassa take buɗewa, ciki har da Santa Clara, unguwar da Fry's ta yi sarauta.

Kewa kuma tana da mantuwa. Mutanen da ke kuka yau su ne jiya suke ƙorafin cewa ba ka isa ka sayi batir a RadioShack ba sai an tambaye ka adireshi da lambar waya, cewa kebul ɗinsu ya ninka na ko'ina, cewa a Fry's ana mayar da kayan da aka dawo da su kanta da 'yar takarda a manne, kuma a bakin ƙofa sai an binciki rasiɗinka kamar wanda ake zargi. A Circuit City ana matsa maka ka sayi ƙarin garanti har ka ji kunya. Yawancin masu jimamin sun shekara goma ba su taka shagon ba kafin a rufe shi. Shagon 1985 suke kewa, na 2014 sun riga sun guje shi da kansu. Kuma idan ka saurare su da kyau, rabin zancen a kan uba ne ko kawu da ya riƙo hannunsu ya kai su ranar Asabar.

A wurinmu abin da ya fi kusa da wannan shi ne yadda dattawa ke ba da labarin Kingsway da UTC da Leventis, inda ma'aikaci kan je ya sayi rediyo ko firji da rasiɗi da garanti, kafin tsuke bakin aljihu da faɗuwar naira a shekarun 1980 su durƙusar da irin wannan ciniki. A Kaduna har yau ana kwatance da shataletalen Leventis. Sai dai waɗancan kantunan komai da komai ne, kewarsu ta zamanin albashi mai albarka ce. Shi ainihin abin da Ba'amurke ya rasa, kai kana cikinsa tsundum. A Sabon Gari ko Farm Centre a Kano, ko Alaba da Computer Village a Legas, har yau za ka sayi IC ɗaya, kapasita ɗaya, bakin caji ɗaya, ka tambayi na kusa da kai ya duba maka, yaro ya zauna gefenka shekara uku ya koya. Ya rayu ne domin a nan gyara har yanzu ya fi saye araha. Amma kai ma shaida ne cewa aikin na komawa canjin sikirin da canjin fanel gaba ɗaya, kuma wasu wayoyin kan ƙi yarda da sabon batir ko sikirin idan lambarsa ba ta dace da ta fanel ba. Wannan na cikin abin da ya sa jihar New York ta yi dokar 'yancin gyara a ƙarshen 2022, Tarayyar Turai ta yi tata a 2024, don tilasta wa masu ƙera kaya su sayar da kayan gyara da bayanan aiki. Wasu daga cikin masu fafutukar waɗannan dokoki, idan ka bincika, 'ya'yan kabad ɗin can ne.

Abu na ƙarshe, tunda kana sayen kaya ta intanet. Za ka iya cin karo da shafi mai suna RadioShack ko Circuit City ko Maplin ko Comet yana ciniki. Sunan ne kawai aka saya a gwanjo. Na RadioShack ya faɗa hannun wani kamfanin sayen tsofaffin sunaye a 2020, wanda har harkar kirifto ya gwada da shi, sannan Unicomer na ƙasar El Salvador, wanda dama ke riƙe da rassan Amurka ta Tsakiya, ya karɓe shi a 2023. Akwai kuma 'yan shagunan dilolin da ke cin gashin kansu a ƙananan garuruwan Amurka da har yanzu allon ke rataye a ƙofarsu. Idan kayan gyara kake nema da gaske, kuma kana tsoron jabu, Digi-Key da Mouser da LCSC na China duk suna aikawa ƙasashen waje. Ku haɗa oda da abokan sana'arka ku raba kuɗin dako, don shi ne ke cinye ribar.